Jajayen ƙwari masu ɗigo sun cika mini ɗaki a Aboabo, me zan fesa?

Tambaya: Wata Hajiya daga Aboabo a Kumasi ta aiko cewa tun da ruwa ya ɗauke, wasu ƙananan ƙwari jajaye masu baƙaƙen ɗigo suke taruwa a tagar ɗakinta da jikin labule, da dare kuma su kewaye fitilar baranda. In an murƙushe su sai su bar rawayan tabo mai wari a bango. Jikanta ya duba a waya ya ce ledibad ne, ya kuma karanto mata cewa a Ingila cika gidaje suke yi. Akwai ƙananan jikoki da ke kwana a ɗakin. Tana so ta san ko ƙwarin suna da cuta, kuma wane magani za ta saya ta fesa.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah Ya raya jikoki. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ki sayi maganin feshi. Aikina nazarin ƙwari ne da ba manoma shawara, kuma ina gaya miki da zuciya ɗaya cewa in dai ledibad ne, maganin da za ki fesa ya fi ƙwaron hatsari ga yaran nan nesa ba kusa ba. Ƙwaron ma ba don ɗakinki ya zo ba. Akwai abin da ya kawo shi unguwar, kuma ina kyautata zaton abin yana jikin wata bishiya ko shuka da ba ta da nisa da tagarki.

Amma kafin mu kai can, a tabbatar da ko wane ne. Ja da baƙi ba ledibad kaɗai ke sanye da su ba. Ki sa yaron ya kamo ɗaya cikin kwalba, ba da hannu ba, ku duba shi da rana. Ledibad zagayayye ne, bayansa a tashe kamar an kife ƙaramar ƙwarya, cikinsa kuma shafe. Bai cika wuce girman ƙwayar wake ba, da yawa ma ba su kai ba. Ƙafafunsa gajeru ne, in an taɓa shi sai ya naɗe su ya yi lamo kamar ya mutu. Bayansa na da tauri da sheƙi, da layi a tsakiya inda fukafukan suke rabuwa idan zai tashi. Danginsa sun kai kusan iri 6,000 a duniya, saboda haka kada ki ce lallai sai ja. Waɗanda aka fi gani a gonakinmu na Afirka, irin su Cheilomenes, baƙar zane ce ta kewaye ɗigo-ɗigon ja ko rawaya ko ruwan lemo. Akwai kuma baƙaƙe ƙirin, ƙanana ƙwarai, da suke zama a jikin lemo da mangwaro.

Idan kuwa abin da ke cikin kwalbar dogo ne, mai dogayen ƙafafu da dogayen gashin kai biyu, kuma kina yawan ganin biyu-biyu manne da juna ta baya suna tafiya, to wannan jan ƙwaron auduga ne. Abincinsa 'ya'yan auduga, kuɓewa, rama, yakuwa, kuka da rimi. A daidai wannan lokaci na rani, idan 'ya'yan rimi suka fashe audugar ta watsu, sai ki ga ƙasan bishiyar ya yi ja wur da 'ya'yansa, daga nan su bi bango su shigo gidaje. Mutane da yawa da suke kawo mini ƙorafin ledibad, wannan ne a hannunsu. Shi ma ba ya cizon mutum, kuma maganinsa share 'ya'yan rimin ko busasshiyar kuɓewar da ta zube a kusa.

Wanda nake so ki kiyaye sosai shi ne na uku. Siriri ne, tsawonsa bai cika kai santimita 1 ba, jikinsa gaɓa-gaɓa, ruwan lemo da baƙi, kamar tururuwa mai tsawo, yana yawan ɗaga jelarsa sama. Shi ma haske yake bi da dare. Ba ya cizo, ba ya harbi, amma ruwan jikinsa na da guba, in aka murƙushe shi a fata sai bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja ya tashi kamar ƙuna. Yaro ya murje shi a wuya cikin barci, ya kai hannun ido, sai a wayi gari ido ya kumbura. In kin ga ƙwaron nan a jikin yaro, hure shi za a yi ko a kakkaɓe da takarda, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu. Tun da kin ce ana murƙushe ƙwarin a bango, ki hana yaran wannan ɗabi'a gaba ɗaya, don yaro ba ya bambance wannan da wancan. Kuɗin cizo kuwa kin san shi, ba ya tashi, ba shi da ɗigo, kuma ba ya zama a taga da rana.

To mu ɗauka jikan naki ya yi daidai. Ledibad ba ya ɗauke da wata cuta da yake sa wa mutum. Ba ya shan jini. Ba ya cin katako, ba ya huda tufa, ba ya shiga buhun shinkafa ko garin masara, kuma ba ya hayayyafa a cikin ɗaki, domin babu abin da 'ya'yansa za su ci a can. Rawayan ruwan da kike gani jininsa ne, yana fitar da shi ta gaɓoɓin ƙafafu idan ya tsorata. Yana da ɗaci da wari, shi ne kariyarsa daga tsuntsaye da ƙadangaru, jan launin kuma gargaɗi ne gare su. Wani lokaci yakan ɗan mintsini fata, abin da ba ya wuce ɗan ƙaiƙayi. Jariri mai rarrafe in ya kai ɗaya baki, ɗacin zai sa ya tofar, a wanke masa baki da ruwa. Abin lura ɗaya shi ne masu asma da masu yawan atishawa: a inda ƙwarin suka yi yawa ƙwarai a rufaffen ɗaki, wasu sukan sami ƙaiƙayin ido da toshewar hanci. In akwai mai irin wannan lalura cikin jikokin, a riƙa kwashe ƙwarin kullum, kada a bar matattu su taru a bakin taga.

Abin da yaron ya karanta game da Ingila gaskiya ne, sai dai labarin wata ƙasa ne da wani yanayi. Akwai wani iri mai suna Harmonia axyridis, ɗan asalin gabashin Asiya, wanda aka riƙa kaiwa Amurka da Turai da gangan don ya cinye ƙwarin gona. An same shi ya zauna da gindinsa a Amurka a 1988, ya isa Ingila a 2004, ya kuma bazu fiye da yadda aka so, har yana danne irin na gida. A can idan sanyi ya gabato, wajen Oktoba da Nuwamba, ganye ya zube, abinci ya ƙare, dole ƙwaron ya nemi mafaka ya yi dogon barci har bazara. A ƙasarsa ta asali tsagar duwatsu yake nema. A birni sai ya ga farin bangon da rana ta haska, ya bi ta tsagar taga da ƙarƙashin rufi, ɗaruruwa ko dubbai su cure wuri guda su kwana watanni. Duk shawarwarin da ake rubutawa a intanet, na feshe bangon waje kafin sanyi da sauransu, don wannan hali aka yi su. Hunturunmu na Kumasi, duk da hazo da bushewar leɓe, ba ya kai inda ƙanƙara za ta kashe ganye. Mangwaro da lemo kore suke shekara zagaye. Namu ƙwarin sukan ɗan lafa su taru a wuri mai inuwa idan rani ya yi tsanani abinci ya ja baya, amma ba za su kafa sansanin wata biyar a silin ɗinki ba.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ledibad mafarauci ne, kuma inda ya yi yawa, abin farautarsa ne ya yi yawa. Manyan abincinsa uku ne. Na farko darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu laushi, kore ko baƙi ko toka-toka, da suke cincirindo a ƙarƙashin ganyen wake, kabeji, barkono, kuɓewa da tohon lemo suna tsotse ruwan shuka. Na biyu farin ƙwaron nan mai kama da ɓurɓushin auduga da ke manne wa gwanda, mangwaro, rogo da furannin ado. Na uku masu ɓawo, waɗanda suke lafewa a jikin reshe ba sa motsi har mutum ya ɗauka ƙurajen itace ne. Darɓa ba ta jiran namiji a irin zafinmu, macen haihuwar 'ya'ya take yi kai tsaye, 'yar kuma cikin mako guda ta isa haihuwa. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke su daga ganye, shi ya sa da damina ba su cika yin yawa ba. Da zarar ruwa ya ɗauke, shukar da ake ba ruwa a gida ta zama ita kaɗai ce mai ɗanyen toho, sai su taru a kanta. Bayan mako biyu ko uku ledibad ya iske su. Wannan ya yi daidai da lokacin da kika ce abin ya fara.

Don haka gobe da safe, kafin rana ta yi zafi, ki zaga gidan. Ki fara da shukar da ta fi kusa da tagar, ko da barkono ne a tsohon bokiti. Ki juya ganyen ki duba bayansa, musamman sababbin toho. Alamu uku ba sa ƙarya. Ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance. Ganyen ƙasa ya yi danƙo yana sheƙi, ko ya yi baƙi kamar hayaƙin fitila ya bi ta kansa: wannan zaƙin da ƙwarin ke fitarwa ne, baƙin kuma fumfuna ce da ta tsiro a kan zaƙin. Sannan tururuwa ko kiyashi suna hawa da sauka a gindin bishiyar ba hutu. Su zaƙin suke sha, kuma saboda shi suke gadin darɓar, suna korar ledibad da duk wani mai cin ta. In wanki da aka shanya ƙarƙashin mangwaro yana dawowa da ɗigon danƙo, ko bayan motar da aka ajiye a inuwar yana kama ƙura, to kin samu tushen.

A jikin ganyen nan za ki ga wasu abubuwa da nake roƙon kada a taɓa su. Ƙwai rawaya, dogaye kaɗan, a tsaitsaye cikin ƙungiya, goma zuwa hamsin: na ledibad ne. Za ki ga kuma wani ƙwaro dogo, baƙi ko toka mai ɗigon ruwan lemo, jikinsa ƙaya-ƙaya, ƙafa shida, ba fukafuki, yana yawo da sauri cikin darɓar. Ba wanda zai gan shi ya ce ɗan wancan kyakkyawan ƙwaron ne, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan, domin manoma da yawa shi suke fara kashewa suna zaton shi ya lalata ganyen, alhali shi ne yake cin masu ɓarnar fiye da uwarsa. Yakan yi mako biyu zuwa uku yana ci yana saɓa, sannan ya manne jelarsa a ganye ya dunƙule, bayan kamar mako guda babba ya fito. Daga ƙwai zuwa babba a zafinmu wata guda ne ko ƙasa da haka. Babba mai girma yakan iya cin darɓa hamsin a yini. Wasu irin ma 'ya'yansu wani farin kaki ne ya lulluɓe su, sai su yi kama da farin ƙwaron da suke ci. Bambancin shi ne su suna tafiya da hanzari, wancan kuwa a manne yake.

Wannan amfani nasa ba zancen baka ba ne. A shekarun 1880 wani farin ƙwaro ya kusa gamawa da gonakin lemo na Kalifoniya a Amurka. A 1888 aka ɗauko wani ƙaramin ledibad daga Ostareliya aka saki, cikin shekara biyu gonakin suka farfaɗo, kuma daga nan ne duniya ta ɗauki dabarar haɗa ƙwaro da abokin gabansa da muhimmanci. Mu ma nan mun ci moriyar dabarar. Dattawa za su tuna yadda farin ƙwaron rogo, wanda ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a farkon shekarun 1970, ya riƙa nannaɗe kan rogo yana rage amfanin gona. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga can ta fara sakinsa a 1981, aka bi ƙasashe da shi har da Ghana, kuma masanin da ya jagoranci aikin, Hans Herren, ya karɓi babbar kyautar abinci ta duniya a 1995. A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaron ya faɗa wa mangwaro a Ghana da Togo, bishiyoyi suka yi baƙi suka daina 'ya'ya, shi ma da irin wannan hanya aka shawo kansa. Haka aka sake yi wa na gwanda da ya ɓullo wajen 2009. A duk waɗannan ukun na Afirka, zanzaron da aka kawo shi ne babban jarumi, amma ledibad na gida suna cikin masu taya shi aiki, kuma feshin guba ba ya tambayar wane ne wane, duka yake kashewa. A ƙasar da koko ke riƙe da ita, inda farin ƙwaro ne ke yaɗa cutar kumburin reshe da aka sare miliyoyin bishiyoyi saboda ita, bai kamata mu riƙa kashe masu cin farin ƙwaro don sun sauka a labule ba.

Na san duk da haka ba kya son su a ɗaki, kuma kina da gaskiya. Fitar da su ba wuya. Da sassafe jikinsu a sanyaye yake, ba sa saurin tashi. A ɗauki tsintsiya mai laushi ko gashin kaza, a tara kwali ko faranti a ƙasa, a share su a hankali su faɗa, a juye cikin roba mai murfi. Hankalin shi ne sirrin: in an dake su ko an danne, sai su saki ruwan nan. Na jikin labule kuwa, a cire labulen a kai waje a kakkaɓe. Wanda ke da injin shara mai zuƙa, ya saka tsohuwar safa a bakin bututun ya ɗaure da roba, ƙwarin su tsaya cikin safar, don in suka shiga cikin injin wari zai kama shi. Sai a kai su jikin shukar da ke da darɓa a juye da yamma. Aiki ne da yara ke so, kuma ya fi a bar su suna murƙushewa.

Tabon bango da na taga, ruwan ɗumi da sabulu a tsumma yana fitar da shi in bai daɗe ba. A dangwala, kada a goga da ƙarfi a farin fenti. Na tufa a jiƙa da ruwan sanyi da sabulu kafin a wanke. Ki wanke bakin tagar da kusurwoyin da suka fi taruwa ko da ba ki ga tabo ba, domin sukan bar wata alama a inda suka zauna wadda ke jawo 'yan'uwansu.

Sai hanyar shigowa. Yawancin ɗakunanmu na Zango taga mai jeren gilasai ce da ragar sauro a bayanta, kuma ragar nan in ta shekara biyu ko uku sai ta yage ta gefe ko ta saki daga katako. A kira kafinta ya canja ta ko ya sake buga ta. A duba tsakanin katakon taga da bango, da ramin da aka huda don wayar lantarki ko ta talabijin, da inda silin ya haɗu da bango, a toshe da siminti ko abin liƙi. Ƙasan ƙofa a buga masa roba. Kuɗin da za ki kashe a nan ba don ledibad kaɗai ba ne, sauro da kyankyaso ma ta nan suke bi. Fitilar baranda kuma, farin ƙwai mai haske kamar shuɗi-shuɗi ya fi kowane jan ƙwari. A sa mai haske rawaya-rawaya, a matsar da shi nesa da ƙofa da taga in da hali, a riƙa sauke labule kafin a kunna fitilar ɗaki da magariba. Wannan kaɗai yakan rage abin sosai a daren farko.

Ita kuma shukar da ta jawo su, ki duba ki yanke shawara. In kin ga 'ya'yan ledibad da yawa suna aiki, shawarata ki bar su. Cikin mako biyu zuwa uku za su cinye darɓar, abinci ya ƙare, manyan su tashi su nemi wani wuri. In kuwa shukar na neman mutuwa, a taimaka mata ba tare da guba ba. A watsa wa bayan ganyen ruwa da ƙarfi, darɓar da ta faɗo ba ta cika komawa ba. Rassan da suka yi fari fat ko baƙi ƙirin a sare a ƙulle cikin leda a fitar, kada a jefar a gindin bishiyar. Ana haɗa cokalin shayi biyu na sabulun ruwa mara ƙarfi, ko narkakken sabulun salo, wanda ake ce wa alata samina a kasuwa, cikin lita 1 ta ruwa, a fesa kai tsaye a kan ƙwarin da yamma, a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. A fara gwadawa a ganye kaɗan a jira kwana guda, don wasu shuke-shuken sabulu na ƙona su. Garin wanki mai bilic ba ya cikin wannan. 'Ya'yan darbejiya ma suna aiki: a daka busassu kimanin giram 50, a jiƙa cikin lita 1 su kwana, a tace, a ɗiga sabulu kaɗan a fesa. Ko sabulun ko darbejiyar, a kauce wa rassan da 'ya'yan ledibad suke, su ma jikinsu laushi gare shi. Kuma kada a manta da tururuwar. A sare reshen da ya taɓa bango ko rufi, a naɗa leda a gindin bishiyar a shafa man giris a kan ledar, ba a kan ɓawon ba. Da zarar masu gadin sun kasa hawa, mafarautan za su gama aikin da wuri. Takin zamani mai yawa shi ma yana sa toho mai laushi da darɓa ke so, a sassauta.

Na san gidajenmu. Wataƙila mangwaron na maigida ne, ko lemon yana tsakar gidan maƙwabta ya leƙo ta katanga, kuma ba kya so a ce Hajiya ta sa wa bishiyar mutane ido. Ki tsinko ganye ɗaya mai baƙin nan da farin ƙwaron ki nuna wa mai ita, ki ce kin lura bishiyar ba ta da lafiya. Mai bishiya ya fi kowa son ta yi 'ya'ya. Abin da za ki roƙe shi kawai, kada ya ɗauko mai feshi da maganin gonar koko ya wanke tsakar gidan da ake girki ake shanya a cikinta.

A nan nake so in tsaya kaɗan, don abin na damuna. Feshin guba a bishiya yana kashe ledibad da zanzaron da ke aiki a fili, amma farin ƙwaro yana da kaki a jikinsa, darɓa kuma tana ɓoye cikin nannaɗen ganye, sai wasu su tsira. Waɗanda suka tsira cikin mako guda sun hayayyafa, masu cin su kuwa sai sun yi wata. Sai ɓarnar ta dawo ta fi da, a sake sayen magani, a sake fesawa. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wadda ta fi ta ita ce ta cikin ɗaki. Ana sayar da magungunan gona a ƙananan kwalabe marasa takarda a tasha da bakin kasuwa, ana cewa na kyankyaso da kuɗin cizo ne. Akwai kuma ƙwayar nan mai launin toka da ake sa wa buhunan masara da wake a rumbu, wadda in ta sha iska mai laima take fitar da iskar guba. A watan Afrilu na 2018 yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu a Accra bayan an sa irin wannan ƙwaya a ɗaki don kashe ƙwari. Allah Ya ji ƙansu. Ba a sa ta a inda mutum ke kwana ko a ɗakin da ke manne da shi, ko da kuwa an buɗe taga. Duk maganin da za a shigo da shi gida don wani ƙwaron, a tabbatar yana cikin kwalbarsa ta asali, da lambar rajistar hukumar kare muhalli ta EPA, kuma an rubuta cewa na cikin gida ne. In aka riga aka fesa wani abu, yaro ya fara amai, dalalar miyau, jiri ko wahalar numfashi, a fitar da shi iska a garzaya asibiti da kwalbar a hannu, asibitin Manhyia na kusa da ku, na Komfo Anokye ma ba nisa. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada kuma a sa shi amai da gangan.

Akwai reshe ɗaya na dangin ledibad da ba mafarauta ba ne, ganye suke ci. Launinsu ruwan ƙasa-ƙasa ne ko ruwan lemo mara sheƙi, in an duba da kyau bayansu na da ɗan gashi mai laushi. Ana samunsu a kabewa, kankana, guna da yalo, wasu a masara da dawa. Kankare ganyen suke yi su bar jijiyoyin kamar raga, 'ya'yansu kuma rawaya ne masu ƙayoyi masu rassa. In kina da kabewa ta hau katanga kuma ganyenta ya koma haka, waɗannan kam a tsince su da hannu da safe a zuba cikin ruwan sabulu, a murje ƙwan da ke bayan ganyen. A gida ɗaya tsinta ta isa.

Ki ba abin mako uku bayan an gyara raga, an canja fitila, an kuma kula da shukar. In har sun ci gaba da shigowa da yawa, ko kin zaga ba ki sami wata shuka mai darɓa ba, ki sa guda biyar ko shida cikin ƙaramar kwalba da ɗan sipirit, ki haɗa da ganye biyu daga bishiyar da ta fi kusa cikin wata leda daban, jikan naki ya kai ofishin aikin gona na ƙaramar hukumarku ta Asokore Mampong ya nemi malamin gona. In hoto zai ɗauka, ya ɗora ƙwaron a farar takarda kusa da kwabon sidi ɗaya don a ga girmansa, ya ɗauki bayansa da cikinsa, ya kuma faɗi lokacin da suka fi shigowa, da rana ne ko da dare.